Wa zai tsare ƙasar noma a yankin Kazaure da Babura?

A duk lokacin da damina ta kankama a arewa maso yammacin jihar Jigawa, ruwan da ke gangarowa daga duwatsun Kazaure da Roni yakan iso fadama ne jawur. Ƙasar gonakin jama'a ce ke ba shi wannan launi, kuma wadda ta tafi ba ta dawowa.

Shekara da shekaru gwamnatoci da hukumomin ƙasashen waje suna kashe kuɗi wajen dashen itatuwa da toshe kwazazzabai a arewacin Najeriya. Abin da aka koya, bayan asara mai yawa, shi ne cewa aikin da mutanen gari ba su ɗauka nasu ba yakan mutu ne tun kafin allon da aka kafa a bakinsa ya yi tsatsa.

Ƙasa biyu, ciwo biyu

Ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne suka haɗu suka zama masarautar Kazaure. Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Dukkansu suna cikin tsohuwar jihar Kano har zuwa shekarar 1991, lokacin da aka ƙirƙiro jihar Jigawa.

Akasarin Jigawa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce mai yashi, kamar yadda sunan jihar ya nuna. To amma wannan kusurwa ta arewa maso yamma ta sha bamban. Kazaure da Roni da Gwiwa suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, inda tuddai suke da gangara, ƙasar da ke lulluɓe da su kuma ba ta da kauri. Ruwan ƙarƙashin ƙasa a irin wannan wuri yana maƙalewa ne a tsagogin dutse da kuma ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, shi ya sa ake iya haƙa rijiyar burtsatse a wani wuri a samu ruwa, a matsa kaɗan a haƙa wata a tashi a tutar babu.

Idan aka nausa gabas zuwa Babura, kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar, ƙasar ta fi shimfiɗuwa kuma yashi ya fi yawa. Can iska ce ta fi ɓarna. Da bazara takan kwashe ƙasa mai laushi daga gonar da aka share tas, sannan guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko ta binne geron da bai daɗe da tsirowa ba, manomi ya sake shuka sau biyu ko uku.

Yadda ruwa ke cin gona

Ruwan sama a yankin yana sauka ne cikin watanni uku zuwa huɗu, galibi daga Yuni zuwa Satumba, kuma kaso mai yawa yana zuwa ne a 'yan mamako masu ƙarfi.

Lissafin ba shi da wuya. Milimita guda ta ruwan sama a kan hekta guda daidai take da lita 10,000. Ke nan ruwan dare ɗaya da ya kai milimita 40 yana zuba lita 400,000 a kan hekta guda, wato jarka 16,000 mai cin lita 25. Tambayar ita ce nawa ne daga ciki zai nitse, nawa ne zai gudu.

A gonar da ke da itatuwa da ragowar kara da taki, ɗigon ruwa yana rage ƙarfi kafin ya taɓa ƙasa, sannan ya samu ramukan saiwa da na gara ya bi. A gonar da ta zama fili fetal kuwa, ɗigon yana farfasa ƙasar, ɓarɓashin ya toshe ƙofofinta, samanta ya yi ɓawo kamar daɓe. Daga nan ruwan ba shi da zaɓi sai gudu. Yana farawa da 'yan siraran hanyoyi da garma za ta iya shafewa, ya koma kwari, ya koma kwazazzabo.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kwazazzabo da baya yake tafiya. Ruwan da ke faɗawa a bakinsa na sama yana rarake gindin gaɓar, gaɓar ta rufta, bakin ya ƙara matsawa tudu. Don haka ne zuba shara ko buhunan yashi a tsakiyarsa ba ya hana shi ci gaba, muddin ba a rage ruwan da ke zuwa daga sama ba. Sau da yawa kuma mafarinsa hanya ce: turbar shanu, ko hanyar amalanke, ko kwalbatin da ya tattara ruwan fili mai faɗi ya sake shi a wuri guda.

Ƙasar saman da ake asara ita ce mai albarka, kuma samuwar santimita guda tata kan ɗauki ɗaruruwan shekaru.

Na tudu da na fadama

Masana harkar ruwa suna duban ƙasa ne bisa inda ruwanta ke malala. Duk filin da ruwansa ke taruwa ya bi rafi guda, daga ƙoƙuwar tudu har fadama, suna ɗaukarsa a matsayin yanki guda, ko da kuwa ya ratsa dagatai uku ko jihohi biyu. Kogin Gari misali ne: daga jihar Kano yake fitowa ya shigo yankin Kazaure, kuma yana cikin babban kwarin kogin Haɗeja.

A nan ne matsalar take zama ta jama'a. Wanda ya sare itatuwan kan tudu ba shi ne ke ganin yashi ya binne masa tumatir a fadama ba. Wanda kwazazzabo ya raba wa gona biyu ba zai iya gyara shi a cikin gonarsa ba, domin ruwan daga gonakin mutum ashirin yake zuwa. Mai tifar da ke ɗibar yashi a cikin rafi yana zurfafa shi, gaɓoɓin su zube, rijiyoyin da ke kusa su ja baya, shi kuwa ya riga ya sauke kayansa a birni.

Akwai kuma madatsun ruwa. Daga zamanin gwamna Audu Bako, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, har zuwa farkon shekarun 1980, an gina madatsu da dama, ciki har da ta Gari da ta Tomas da ta Muhammadu Ayuba da ke Kazaure. Kowace madatsa tarko ce ga laka. Duk ƙasar da ta baro gonar tudu ta shiga cikinta tana rage yawan ruwan da za ta iya riƙewa domin sha da noman rani, yashe madatsa kuma aiki ne mai tsadar gaske. Wato mai lambu a bakin dam yana da ruwa da tsaki a cikin abin da ke faruwa a gonar wani da bai taɓa gani ba.

Ambaliyar shekarar 2022, wadda ta hallaka fiye da mutum 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Ba dashen itace ne kaɗai zai hana irin wannan ba, amma ƙasar da ke shan ruwanta tana rage wanda ke isa rafi a lokaci guda.

Abin da aka gada

Kuskure ne a ɗauka cewa sai da jami'an raya ƙasa suka zo manomin ƙasar Hausa ya san kiyaye ƙasa. Layin gamba da ake bari a kan iyakar gona yana tare yashi, sannan a yanke shi a yi zana. Kai taki gona a kan jaki ko amalanke, da gayyatar Fulani su kwana da shanu a gona bayan girbi, da haɗa gero da wake a kunya guda, duk hanyoyi ne na mayar wa ƙasa abin da aka ɗauka.

Akwai kuma filayen da ba na kowa ba amma na kowa ne: hurumin gari, da burtali, da mashaya, da makiyaya. Kalmar hurumi tana da asali a fikihu, inda aka keɓe kewayen rijiya da rafi da gari daga mallakar mutum guda, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da mallakarta. Dagaci da mai unguwa su ne suka san iyakokin waɗannan filaye, aikin gayya kuma shi ne hanyar da gari ke gyara abin da ya fi ƙarfin gida ɗaya.

Masanin nan ɗan Ingila Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, ya shafe shekaru yana nazarin ƙauyukan kewayen Kano. Abin da ya gano ya saɓa wa zaton da ake yi a lokacin: a inda jama'a suka yi yawa kuma kowa ya san gonarsa tasa ce, manoma suna riƙe da itatuwan gonakinsu, ba su ƙarar da su ba. Dajin da ba shi da mai shi ne ke ƙarewa.

Sai dai wannan tsari ya sha matsi. Ƙidayar 2006 ta nuna Jigawa na da fiye da mutum miliyan 4.3, kuma gonar gado tana ƙara tsukewa a duk rabon da aka yi. Hutar da gona ya zama tarihi a wurare da dama. Burtali ya zama gona, hurumi ya zama filoti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa ga gwamna, ta bai wa ƙananan hukumomi ikon bayar da filayen karkara, lamarin da ya bar dagaci da alhakin sasanta rigima a kan filin da a doka ba shi ne ke da ta cewa a kansa ba.

Darasin Yambawa

Bayan farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 da 1984, hukumomi sun mayar da hankali ga shingen itatuwa mai tare iska. An dasa dogayen layuka na darbejiya da turare a jihohin da ke bakin iyaka, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 Bankin Duniya ya ba da rancen faɗaɗa aikin.

Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi yin nazari a kai shi ne Yambawa, a yankin Ɗambatta da ke maƙwabtaka da Kazaure da Babura. Masu bincike, ciki har da Lambert Onyewotu na tashar binciken shingen itatuwa da ke Kano da Kees Stigter na ƙasar Holand, sun tarar cewa layukan turaren sun tsayar da yashi har an koma noma filin da aka gudu aka bari. Wannan nasara ce ta gaske.

To amma sun kuma tarar da cewa an bar tazara mai yawa tsakanin layukan, ta yadda kariyar ba ta kai tsakiyar gonaki ba. Geron da ke kusa da itatuwan kuma yana shan wahala, domin saiwar turare tana kwashe masa ruwa. Maganin bai fi a haƙa rami a gefen layin a datse saiwar ba, kuma da aka gwada hakan amfanin ya ƙaru. Manoman ba su samu wanda ya nuna masu ba. Itatuwan na hukuma ne, an dasa su a filin da suke nomawa, ba su da izinin sassabe su.

Mutumin da itace ya rage masa damin gero, kuma aka hana shi reshensa, da wuya ya tashi tsakar dare don ya kori mai gatari.

A tsallaken iyaka

Tafiyar 'yan sa'o'i daga Babura, a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya na jihar Damagaram, akwai abin da masu binciken Sahel suke yawan kafa misali da shi. Hotunan jirgin sama na shekarun 1970 da na tauraron ɗan'adam na shekarun 2000 sun nuna cewa gonakin da a da suke kusan fayau sun cika da gawo, a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan guda. Ba dasa su aka yi ba.

Dabarar, wadda ake kira sassaben zamani, ta ginu ne a kan abin da kowane manomi ya sani: kututturen sabara da kalgo da magarya da ake sarewa duk bazara ba su mutu ba, saiwarsu tana nan da rai a ƙasa. Maimakon a share tohon baki ɗaya, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran, a riƙa yi masu aski duk shekara. Tunda saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen ba ya bukatar ban ruwa, kuma yana girma da saurin da dashe ba zai kamo shi ba. Haka ake yi wa 'ya'yan gawon da suka tsiro daga kashin dabbobi.

Gawo kuwa sananne ne da halinsa na zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Ba ya yi wa gero inuwa a lokacin da yake bukatar rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin dabbobi ne a watannin da ciyawa ta ƙare.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara yaɗa dabarar a jihar Maraɗi a 1983. Wani nazari da Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan biyar, abin da ke ƙara kimanin tan 500,000 na hatsi a shekara.

Abin da ya fi dabarar muhimmanci shi ne sauyin da aka samu a kan mallaka. A dokar da Nijar ta gada daga Faransa, itace na gwamnati ne ko da a gonar mutum yake, kuma jami'in daji na iya cin manomi tara idan ya sare reshe. Saboda haka manomi ya gwammace ya kashe tsiron tun yana ƙarami. Da wannan riƙo ya sassauta, aka kuma yi dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004, sai itace ya zama dukiya. A ƙauyen Ɗan Saga da ke gundumar Agye, jama'a sun kafa kwamitin sa ido da ya haɗa manoma da mata da makiyaya, suka tsara hukuncin wanda aka kama yana sara a gonar wani.

A jihar Tawa kuma an farfaɗo da ƙasar da ta yi tauri ta hanyar tassa, wato ƙananan ramuka da ake zuba wa taki a shuka a ciki, da kuma rabin wata, wanda kunya ce mai lanƙwasa da ke fuskantar gangara tana tare ruwa. Waɗannan, tare da jera duwatsu a gicciye bisa gangara, su ne suka fi dacewa da tuddan Roni da Gwiwa, inda dutse ba abin saye ba ne. Sai dai jerin duwatsun da ya tsaya a iyakar gonar mutum ɗaya yana karkatar da ruwa ne kawai zuwa ta maƙwabcinsa.

Kuɗin Bankin Duniya

Jigawa na cikin jihohi 11 da ke ƙarƙashin shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Najeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. A watan Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na tsawon shekara shida, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja, da burin farfaɗo da hekta miliyan guda ta ƙasar da ta lalace.

A rubuce, shirin ya ɗauki darasin baya. An tsara shi ne bisa kwarin ruwa, tare da tanadin cewa al'umma za su shiga cikin tsara abin da za a yi a yankinsu, akwai kuma asusun rance mai juyawa ga ƙungiyoyin manoma. Abin tunawa dai shi ne, kuɗin bashi ne, ko da yake mai sauƙin sharuɗɗa, kuma 'ya'yan waɗanda ake yi wa aikin suna cikin masu biya.

Shigar da al'umma kuma magana ce mai fuska biyu. Tun daga shirin Fadama na farko a shekarun 1990 mutanen karkara sun ƙware wajen kafa ƙungiya idan an ce sai da ƙungiya za a samu injin ban ruwa. Irin wannan ƙungiya takan watse ranar da aka gama rabo. Bambancinta da kwamitin Ɗan Saga shi ne, wancan yana tsaron abin da mambobinsa suke ci daga gare shi.

Waɗanda ba a kira taro ba

Mutum uku ne aka fi mantawa da su idan an zauna a ƙofar gidan dagaci.

Na farko makiyayi. Filin da jami'i ke gani a matsayin lalatacce, wanda ya dace a killace a dasa, sau da yawa shi ne makiyayar da ta rage ko hanyar zuwa mashaya. Killace shi ba tare da shawara da ardo ba yana nufin tura shanu cikin gonaki. Dokar keɓe makiyaya ta Jihar Arewa tana nan tun 1965, kuma Jigawa ta kafa hukumar sasanta manoma da makiyaya a zamanin gwamna Sule Lamido, amma ƙaramin gawo a gonar Babura yana rayuwa ne ko ya mutu bisa fahimtar da ke tsakanin mai gona da mai sanda a watan Afrilu.

Ta biyu mace, wadda ita ce ke neman itacen girki, ita ce kuma ke tsinkar ganyen kuka da 'ya'yan aduwa da kalwa. Dokar hana sara da ba ta zo da wata hanyar hura wuta ba, ita za ta fara karyawa, ba don ƙeta ba. A Nijar rassan da ake datsewa wajen sassabe su ne suka rage wa mata doguwar tafiya, kuma hakan na cikin dalilan da suka sa dabarar ta zauna.

Na uku wanda ke noma gonar aro ko haya ko jingina. Ba shi da dalilin jera duwatsu a gonar da za a iya karɓewa baɗi, mai gonar ma ba lalle ne ya yarda ya raya itace a ciki ba, domin a al'ada itace kan zama hujjar mallaka. Wannan ba matsala ce da injiniya zai warware ba. Tana bukatar yarjejeniya a gaban shaidu kan shekara nawa aron zai yi da kuma wanda zai ci itacen, aikin da masu unguwanni da limamai suka fi kowa iyawa.

Sai kuma batun abin da zai biyo bayan rufe shirin. Gandun renon itatuwa da malaman daji da ƙananan kwalbatoci bisa al'ada suna wuyan ƙananan hukumomi ne, waɗanda suka daɗe suna kukan cewa kuɗinsu na maƙalewa a asusun haɗin gwiwa da jihohi. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin a riƙa biyansu kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ga ƙaramar hukuma irin Gwiwa ko Roni, a kasafin kuɗinta ne za a ga ko akwai albashin mai kula da gandun reno da kuɗin gyaran shingen duwatsun da ruwan Agusta ya ture.